Hannun Astajam

Shafi na 12

Ku yi haƙuri da shirun kwana biyun nan. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta hau mota ta zo Garwa ta same ni. Bismillah, zo, zafin garinmu kaɗai ya ishe ki horo. Shafin ne ya yi min nauyi, sau uku ina farawa ina gogewa.

*

Ranar Talata ce, kwana tara cif da injin markaɗen gyaɗa na kasuwar Yelwa ya cafke hannun daman ƙanwata Astajam. Yatsun suna nan duka biyar, Allah Ya tsare. Amma bayan hannun, tun daga gindin yatsu har wuyan hannu, injin ya saɓule fata da nama kamar yadda ake saɓule safa.

Kullum in za a buɗe ciwon a asibiti, fita nake yi. Ran nan Dakta Mbarga ya tare ƙofa.

"Adda Hafsatu, yau ba gudu. Ki tsaya ki gani."

Mutumin kudu ne, Fulatancinsa duk a karkace yake, sai Madam Maipa, ma'aikaciyar jinyar ɗakinmu, ta riƙa miƙe masa shi. Ita ta warware bandejin a hankali. Astajam ta kau da kai wajen bango.

Na duba. Na so in rufe ido, na kasa.

"Kin ga waɗannan fararen igiyoyin?" in ji Dakta. "Su ne jijiyoyin da ke ɗaga yatsu. Kwana tara muna wankewa, muna cire abin da ya mutu. Yanzu wurin ya yi tsab. Amma jijiya ba ta zama a buɗe. In ta bushe ta mutu, in ta mutu kuma yatsun nan sun zama ado."

"To ku ɓaro fata a cinyarta ku manna mana," na ce. "Ba haka kuka yi wa matar gado na uku da ta ƙone ba?"

"Waccan fatar siririya ce kamar ɓawon albasa, ba ta da jinin kanta. Sai ta sami nama a ƙarƙashinta take rayuwa. Nan babu nama. Kin taɓa dasa yakuwa a kan siminti?"

Na ja hannun rigata sama.

"In nama ne, ga shi. Ku yanki nawa."

Madam Maipa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Adda, da ana karɓar na wani, ai ke kaɗai kin wadata asibitin nan har a aika wa asibitin Marwa ragowa."

Har Dakta sai da ya murmusa. Astajam ba ta ko motsa ba.

"Dole nata ne," ya ce. "Jiki ba ya karɓar baƙo."

Ya jawo takardar magani, ya juya bayanta ya soma zane.

"Nan, gefen mara, kusa da ƙashin ƙugu. Za mu yanka fata da kitsenta, mu ɗaga ta kamar harshe. Ba za mu tsinke ta ba, gindinta yana nan manne da jiki, jini yana shiga yana fita. Sai mu kawo hannun, mu lulluɓa masa harshen nan, mu ɗinke."

"Ku ɗinke hannu a ciki?"

"Na sati uku."

"Innalillahi. Kamar an ɗaure akuya a turke?"

"Kusan haka. A cikin sati ukun nan naman zai saki ƙananan hanyoyin jini cikin hannun, ya koyi sha daga can. Ranar da muka ga ya koya, sai mu raba su. Ciki ya tafi da tabo, hannu ya tafi da sabuwar riga."

Ina kallon zanen ina jinjina abin, sai na ji muryar Astajam.

"A'a."

Ta juyo. Tun da safe sai yanzu ta yi magana.

"Ba za a taɓa min ciki ba. Ka ɗauka a wani wuri, Dakta. Ka ɗauka a dantse, ka ɗauka a baya, duk inda ka ga dama."

"Madam Astajam, mun yi wannan maganar jiya. Hanyoyin jini biyu ne manya ke sauka hannu. Injin ya lalata ɗaya. In na ɗauko naman dantsenki, da ta biyun zai taho, me zai rage wa yatsun? Na bayanki kuma sai an tsinke shi gaba ɗaya an ɗinke hanyoyin jini da madubin likita. Ba mu da kayan a nan. Sai Yawunde, kuma aikin awa takwas ne kina kwance cikin maganin barci." Ya ɗan tsaya. "Ke kin san dalilin da ba na so miki wannan."

Na dubi Dakta, na dubi ƙanwata.

"Wane dalili?"

Madam Maipa ta sunkuyar da kai tana naɗe bandeji kamar yau ta fara koyo.

"Abin da muka tattauna naki ne," in ji Dakta, yana ninke takardar ya ajiye mata a gefen gado. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma jijiyar nan ba za ta jira mu ba. Jibi nake son amsa."

*

Na bari sai bayan azahar. Na kamo ta muka fita barandar bayan ɗaki, inda masu jinya ke shanya, na shimfiɗa tabarma. Na zuba mata kunun gyaɗa a kofi, ta riƙe da hagu ba ta sha ba.

"Asta."

"Na'am, Adda."

"Ni ce na goye ki da Dada mahaifiyarmu ta rasu. Kina shekara huɗu. Ni na yi miki kitson farko, ni na kai ki ɗakin miji. Yau har akwai maganar da baƙon likita zai sani, ni ban sani ba?"

Ta zuba wa kunun ido.

"Tsoron wuƙa kike ji? Ke da injin ya ci hannunki kika taka da ƙafarki har bakin titi?"

"Ba tsoro ba ne."

"To mene ne? Tabo? Wa zai gani? Mijin ma da za a ce don shi ne, ya rubuta miki takarda ya sallame ki."

Na san maganar ta yi zafi, don zafin na faɗe ta. Wata ɗaya da rabi ke nan da mijinta Hamajoda, direban babbar mota a hanyar Njamena, ya dawo daga tafiya, ya yi wanka, ya ci abinci, ya miƙa mata takardar saki ɗaya. Ba faɗa, ba zagi. Shekara takwas da aure. Ta dawo wurina da akwati biyu, bayan sati ta ce ba za ta zauna ina ciyar da ita ba, ta je ta kama aikin markaɗe.

"Adda, rage murya."

"Ba zan rage ba. Ki bar hannun ya ruɓe, sai su yanke shi daga nan. Wa zai ɗaura miki zani? Ni? Ni ma ƙafata ɗaya na kabari."

"Adda."

"Da wane hannu za ki ci abinci? Da wane hannu..."

"Ciki ne da ni."

Iska ta kaɗa zanin wata da ke kan igiya ya shafi fuskata. Ban ture shi ba.

"Me kika ce?"

"Wata uku da sati biyu."

Na soma ƙirga da yatsu kamar wata ƴar makaranta. Ta riga ni.

"Nashi ne, Adda, kada ma zuciyarki ta je ko'ina. Da shi na fito daga gidan."

"Kin sani ranar da ya ba ki takardar?"

"Na sani. Sati biyu kafin nan na je awo ni kaɗai."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Don Allah don Annabi, me ya sa?"

Ta ajiye kofin. Ta dubi bandejin.

"Sau uku ina ɓari, Adda. Kina nan ai. Na farko Hamajoda ya sayo rago tun cikin bai fito ba. Na biyu bai sayi rago ba, amma na ga ƴar rigar jarirai a ƙasan jakarsa, daga Njamena ya taho da ita. Na uku bai sayi komai ba. Kallona kawai yake yi, in na ɗauki bokiti ya miƙe, in na yi tari ya miƙe. Ranar da ya zube, ya zauna a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar bai ce uffan ba. Daga nan bai sake zama mutumin da na sani ba. Na ce wannan karon ba zan nuna masa ba sai ya wuce wata huɗu. In ya tafi, ya tafi ni kaɗai na sani."

"Da ya miƙo takardar fa? Ai nan ne wurin magana!"

"In ce masa me? In ce tsaya, kada ka kore ni, ina ɗauke da kayanka?" Ta girgiza kai. "Mutum ya dube ni ya ga ba ya so. In ya mayar da ni saboda cikin, ba ni ya mayar ba. Ni buhu ce kawai."

"Asta, kin san ba kyau. Mai idda ba ta ɓoye ciki. Kowa a unguwa ƙirga miki wata uku yake yi, alhali iddarki sai kin haihu. Yana da hakki ya sani."

"Na sani. Duk sallar da na yi sai na nemi gafara a kai. Cewa na yi bari in ga ko zai waiwayo don kansa. Ko sau ɗaya. In ya zo ya ce Astajam, na yi kuskure, a ranar zan faɗa masa." "Wata ɗaya da rabi. Injin ya ci hannuna, duk Yelwa ta ji, duk tasha ta ji. Kwana tara ina kwance. Ko aike bai yi ba."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Shi ya sa ba na so a taɓa cikin. Shi kaɗai ya rage min. In an sa wuƙa kusa da shi ya tafi kamar ƴan'uwansa, na rasa miji, na rasa ɗa, in yi me da hannu?"

Ni kuwa a lokacin ba wuƙar nake tunani ba. Wata magana ce ni ma nake riƙe da ita, na rasa ta inda zan fito da ita.

*

"Asta, sha kunun nan."

"Ba na jin sha."

"Sha. Ni ma ina da magana, ba na so ki ji ta da yunwa."

Ta ɗago ta dube ni. Ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

"Ranar da aka kawo ki, kin tuna an ƙara miki jini leda biyu?"

"Kin ce na ɗan Baffa ne."

"Leda ɗaya tashi ce. Ɗayar ta Hamajoda ce."

Ta ƙura min ido.

"Yana garin Figil da kaya aka buga masa waya. Ya bar motar a hannun wani direba ya hau babur ya taho. Na tare shi a bakin ɗakin tiyata na ce in ya taka ƙofar nan sai na tara masa jama'a. Na ce kai ka jefa ta bakin injin. Bai musa ba. Ya ce to a bar shi ya ba da jini. Na ce da sharaɗin ba za ki sani ba."

"Adda..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Tun ranar yana nan. Gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar asibiti, wajen mai shayi, can yake wuni. Kifin tafkin Lagdo da na ce maƙwabciya ce ta aiko, shi ne. Lemon da kika sha jiya, shi ne. Kullum in na fita sai ya taso, 'Adda, yaya ta kwana?' In ce da sauƙi, in wuce. Sau huɗu yana roƙona in bar shi ya gan ki."

"Kwana tara."

"Kwana tara."

"Kina ganina ina kallon ƙofa."

"Ina gani."

"Duk wanda ya turo ƙofar nan sai na ɗaga kai, Adda. Kina zaune a gefena kina ɓare min lemonsa."

Da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. A hankali ta faɗa, kamar mai karanta wasiƙa.

"Na ɗauka kare ki nake yi," na ce. "Na ga yadda kika dawo min, kamar an zare miki laka. Na ce wanda ya yi miki haka ba zai zo ya tsaya a kanki yana kukan munafunci ba."

"Ba ke aka saka ba."

"Haka ne."

"Ba ke za ki ce a yafe ko kada a yafe ba."

"Haka ne. Ki yafe min."

Ta juya min baya. Na zauna ina kallon ƙeyarta, kitson da na yi mata tun kafin hatsarin duk ya tsufa. Ni da na gama yi mata wa'azin ɓoye magana, ga ni da tawa a hannu. Na yi shekara talatin ina yanke wa yarinyar nan abin da ya dace da ita, ban taɓa tsayawa na tambaye ta ba.

Can ta ce, "Ya san da cikin?"

"Ta ina? Ni ma yanzu na ji."

"Ba ki ji ya ambata ba? Ko da wasa?"

"Ko kusa. Hannunki kawai yake tambaya. Ko yatsun suna motsi."

Na ga kafaɗunta sun sauka kaɗan.

"In kira shi?"

"A'a. Kira min Dakta."

*

Tambaya uku ta yi masa, tana zaune a bakin gado, ni ina tsaye ban sa baki ba.

"Wuƙar za ta kai inda yaron yake?"

"Ba za ta kai ba. Fata da kitse kawai muke ɗagawa. Tsakaninsu da mahaifa akwai bango biyu, ba na taɓa ko ɗaya."

"Maganin barcin fa?"

"Ba za mu sa ki barci ba. Allura ɗaya a hammata ta kashe hannun, ɗaya a baya ta kashe daga cibiya zuwa ƙasa. Idonki biyu, in kin so ma ki riƙa zagina. Kuma likitar mata za ta duba yaron kafin mu fara da bayan mun gama. In dai dole a yi wa mai ciki aiki, watannin nan da kike ciki su ne suka fi sauƙi. In muka jira cikin ya taso, wannan ƙofar ma ta rufe."

"Za ka rantse min ba zai zube ba?"

Dakta Mbarga ya cire tabarau ya murza ido.

"Ba zan rantse ba. Kin yi ɓari uku ba wanda ya taɓa ki da wuƙa. Zai iya tafiya ko na yi aiki ko ban yi ba. Abin da na sani shi ne, ciwon da ke buɗe ƙofar cuta ne, in zazzaɓi mai tsanani ya kama ki ya fi aikina hatsari ga yaron. Kuma in ya zo duniya, da hannu biyu ake ɗaukar jariri."

Ta shafa gefen zaninta.

"Kawo takardar."

Da babban yatsan hagu ta dangwala.

Ranar Alhamis da hantsi aka shiga da ita. Na fita bakin ƙofa na sami Hamajoda a gindin darbejiya, ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Na faɗa masa aikin da ake yi. Ban faɗi ɗaya maganar ba, ba tawa ba ce.

"A cikinta za su ɗinke?" ya ce, ya miƙe tsaye. "A cikinta, Adda?"

"Gefen mara. Zauna, likita ya san aikinsa."

Ya zauna. Ya ciro carbi, ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa.

Awa biyu da rabi aka fito da ita.

*

Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko da na ga abin sai da na fita na yi kuka a bayan tankin ruwa. Ƙanwata kwance, hannun dama a lanƙwashe, tafinsa a kan mara, bayansa lulluɓe da naman cikinta an bi shi da baƙin zare. Sun naɗe dantsen da ƙirjinta don kada ta fizge cikin barci. Kamar mace ta dafa ciki za ta yi magana, aka tsayar da ita a haka.

Duk bayan awa biyu Madam Maipa za ta zo ta ɗaga auduga, ta danna naman da ɗan yatsa. Ya yi fari, ta saki, mu zuba ido. In jinin ya dawo kafin ta ƙirga uku, sai ta ce, "Yana ci yana sha." In ya yi sanyi ko ya soma duhu, ta ce, a kira ta ko tana banɗaki.

Ni ma na koya. Har na zama ina dannawa ba a sa ni ba.

"Adda, za ki huda shi," in ji Maipa. "Ba tumatir ba ne a kasuwa."

Ni nake ba ta abinci a baki, tuwon dawa da miyar yakuwa, loma ƙanana. Ni nake goge mata jiki, in sa mata hoda a hammata saboda gumi, don zafin watan Maris ba ya tausayin mara lafiya. Sallah da ishara take yi a kwance. Limamin masallacin asibiti ya aiko cewa ta yi abin da za ta iya, Allah Ya san inda hannun yake.

Ba ta yi min maganar laifina ba, ni ma ban tayar ba. Amma rana ta uku, ina taje mata kai, ta ce, "Adda, ki yi min irin kitson da kike min ina ƙarama." Na gane an sassauta min.

Rana ta huɗu likitar mata ta zo da wata ƴar na'ura ta ɗora a gefen cikin da ba a taɓa ba. Sai ga wani sauti, da sauri da sauri, kamar ana daka a unguwa mai nisa.

"Kin ji shi?" ta ce. "Ba ruwansa da hannunki."

Astajam ta rufe ido, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Yatsun hannun da ke ɗinke suka ɗan motsa a kan marar.

Washegari bayan la'asar ta ce in ɗaura mata sabon ɗankwali, in sa mata kwalli.

"Je ki kira shi."

"Kin tabbata?"

"Kwana goma sha shida yana zaune a bakin ƙofa bai san da komai ba. Don ni ya zauna, Adda. Abin da nake jira ke nan. Yau zan faɗa masa."

Na fita na kira shi. Ya biyo ni yana goge tafin hannu a jikin riga kamar wanda aka kai ƙara. A bakin ƙofa ya cire takalmi, duk da ba wanda ke cirewa.

Na yi niyyar fita, ta ce, "Zauna, Adda. Ke ma an gama ɓoye-ɓoye da ke."

Ya yi sallama ya durƙusa a gefen gado. Ya daɗe yana kallon inda hannun ya shige ƙarƙashin auduga.

"Sannu," ya ce. "Sannu, Astajam. Yana ciwo?"

"Kafaɗar ce ta fi. Hannun ba ya ciwo sosai."

"Yatsun fa?"

Ta motsa masa su. Ya sunkuyar da kai ƙasa.

"An ce ka bar mota."

"Mota tana nan."

"An ce ka ba ni jini."

Ya saci kallona.

"Na yi kuskure," ya ce. "Tun ranar da kika fita ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Na je wurin Modibbo, malamin unguwarmu, da shaidu biyu tun washegarin da aka kwantar da ke, na ce na mayar da matata. Amma na ce ba zan sa a faɗa miki ba sai na gan ki ido da ido. In kin ce ba kya so, ba zan tilasta ki ba."

Astajam ta dube ni. Rabon da in ga wannan hasken a fuskarta har na manta.

"Ni ma ina da magana," ta ce. "Na ɓoye maka wani abu, Allah Ya yafe min, kai ma ka yafe min. Ka ga inda hannun nan yake kwance..."

"Yana nan?" ya katse ta, murya can ƙasa. "Aikin bai taɓa shi ba?"

Ta juyo gare ni a hankali.

"Wallahi ban faɗa ba," na ce. "Wallahi tallahi."

"Ba Adda ba ce," in ji shi. "Ba likita ba ne. Katin awon da kika sa a ƙasan tabarmar sallah, na gan shi."

Na ga yatsun nan biyar sun dunƙule a kan marar, har zaren ɗinkin ya ja.

"Yaushe?" ta ce.

Bai ɗago ba.

"Yaushe ka gan shi?"

"Kwana uku kafin in rubuta miki takardar."